Kuna Musun Hendrix da B.B. King, Wa Zai Yi Musun Ɗanmaraya?

Wannan rubutu zai sosa ran wasu, musamman matasanmu da kuma wasu daga cikin 'yan kwamitin taron sada zumunci na bayan Sallah. A yi mana haƙuri. Maganar ta daɗe tana cin mu, kuma abubuwa biyu da suka faru cikin mako guda sun hana mu ci gaba da yin shiru.

Na farko a teburin mai shayi ya faru, nan bakin titin da ya wuce ta ƙofar jami'a a Gubi. Samari ne wajen su bakwai, yawancinsu ɗalibai, suka kaure da musu tun bayan isha'i: tsakanin Jimi Hendrix da B.B. King wa ya fi iya kaɗa jita? Kowa ya zaro waya yana kunna wa ɗan uwansa hujja. Wani ya jefo sunan Eric Clapton, wani ya ce duk a kauce ga Mdou Moctar na Nijar. Gaskiya musun ya burge mu, don yaran sun san abin da suke faɗa, sun san shekaru, sun san sunayen faya-fayai. Sai wani dattijo daga cikinmu ya ce, to Ɗanmaraya Jos fa, a ina kuka ajiye shi? Wurin ya ɗauki dariya. Ɗayansu har da riƙe ciki, ya ce Baba ana maganar makaɗa kana kawo mana maroƙi mai gwangwanin kifi.

Na biyu a zaman kwamiti ne. An kawo shawarar a ware wani abu daga kuɗin taro a gayyato mai gurmi ko mai kukuma ya yi wasan awa ɗaya. Ko tattaunawa ba a yi ba. Wani ya ce wa zai saurari wannan a wannan zamani, wani ya ce ai kiɗan 'yan bori ne. Daga nan aka wuce zuwa kuɗin DJ da hayar janareto, aka amince ba tare da ko tari ba.

Mu fara da biyan bashin Amurkawan nan, don kada a ce jahilci ne ya sa muke magana. Mu ma mun saurare su, wasunmu tun zamanin kaset. B.B. King ɗan manoman auduga ne daga jihar Misisipi, an haife shi a 1925, ya tsinci auduga ya tuƙa tarakta kafin duniya ta san shi. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne rowar sauti. Inda wani zai zuba sauti ashirin, shi sai ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya matse ta da yatsa yana girgiza hannu har ta yi kuka kamar macen da aka yi wa rasuwa. Kuma ba ya haɗa waƙa da kiɗa lokaci guda: zai rera layi, ya yi shiru, jitarsa da ya raɗa wa suna Lucille ta amsa masa. Hendrix kuwa guguwa ne. Bahago ne, ya juya jitar na-dama ya sake jera mata tsirkiyoyi, ya ƙure amfilifaya har ƙarar da wasu ke gudu ta zama masa kayan aiki. A Woodstock a 1969 ya kaɗa taken Amurka yana fito da ƙarar jiragen yaƙi da bama-bamai daga cikinsa, lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Shekara huɗu kacal ya yi yana tashe, ya mutu a Landan a watan Satumba na 1970 yana da shekara 27. In aka matsa mana mu zaɓa, King za mu ɗauka, don kiɗan Hendrix na sa ka buɗe baki, na King kuwa yana bin ka har gida. Amma wanda ya zaɓi Hendrix ba za mu yi faɗa da shi ba.

To yanzu ga tambayar da muke so samarin nan su amsa. Da wane mudu kuka auna waɗannan mutane har kuka ce gwanaye ne? Mun ji amsoshinku a daren nan. Kun ce suna sa tsirkiya ta yi magana kamar mutum. Kun ce da ka ji sauti biyu ka san hannun wane ne. Kun ce daga talauci suka taso kuma kukan talaka suka rera. Madalla. Ku riƙe wannan mudu da kyau, kada ku canza shi, mu tafi Bukuru.

A can aka haifi Adamu Wayya a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu ya bar shi jariri, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi baya, sarkin ya riƙe shi. Daga nan sunan Ɗanmaraya ya samo asali. Kayan aikinsa kuntigi: gwangwanin kifi a rufe da fatar akuya, da ɗan sanda, da tsirkiya ɗaya tilo. Gwangwanin da kuka yi wa dariya ke nan. Jita tana da tsirkiya shida, an kuma jera mata ƙarafa a wuya suna nuna wa yatsa inda zai sauka. Kuntigi ba shi da ko ɗaya. Sautin da kake nema yana wani wuri a kan sandar nan, kunnenka ne kawai zai kai ka. Da wannan tsirkiya ɗaya mutumin nan yake riƙe kiɗa, yake fitar da karin waƙa, yake kuma amsa wa kansa, domin shi ba ya yawo da 'yan amshi irin na Shata ko Ɗanƙwairo. Abin da kuka yaba wa King a kai, na rera layi a bar kayan kiɗa su amsa, ku koma ku saurari Ɗanmaraya da kunnen basira za ku same shi a can. Ku kuma lura da saurin yatsunsa a tsakanin baitoci, sa'an nan ku dawo ku gaya mana ko aikin wasa ne.

Batun kukan talaka kuwa, wa ya kai shi? Lokacin da yawancin makaɗa ke bin ƙofar sarakuna da attajirai, shi sai ya ɗauki karen mota ya yi masa waƙa, yaron nan mai datti da ke kwana a tasha, wanda direba ke zagi fasinja ke zagi. Ya yi Mai Akwai da Babu a kan zaman mai kuɗi da talaka. Ya yi Auren Dole tun kafin ƙungiyoyi su fara karɓar tallafin waje a kan maganar. A Jawabin Aure shi kaɗai yake zama miji ya zama mata, ka ji rigimar gida tana tashi kamar a maƙwabtanka ake yi. Ya yi wa sojoji wasa lokacin yaƙin basasa, ya zaga ƙasashen duniya da gwangwanin nan, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ga wani abu da ya kamata ya tsaya muku a rai: B.B. King ya rasu ranar 14 ga Mayu, 2015, Ɗanmaraya ya bi shi ranar 20 ga Yuni na shekarar, kwana talatin da 'yan kai a tsakani. Shi King tun yana da rai, a 2008, mutanen garin Indianola suka buɗe gidan tarihi da sunansa, yara 'yan makaranta na zuwa suna ganin jitarsa. Shi kuwa namu, da ya rayu tafiyar awa biyu daga nan Bauchi, 'ya'yanmu na riƙe ciki in an ambace shi.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Akwai Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa mai tsirkiya biyu, wanda waƙarsa ta Jummai ta hana samarin wancan zamani barci. In buluz na nufin mutum ɗaya da kayan kiɗansa yana kukan soyayya da kewa, to ban da Uji ba mu san wanda za a nuna ba. Akwai masu kukuma, Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka, kowanne da hannunsa, kuma dattawanmu kan gane wanda ke jan izga tun kafin ya buɗe baki. Musu irin naku su ma sun yi shi a kan Supa da Wayam, a tasha da majalisa, har a kai ga rantsuwa. A Nijar akwai Malam Maman Barka, malamin makaranta da ya shahara da gurmi, daga baya ya tafi bakin Tafkin Cadi ya durƙusa gaban wani tsoho ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma da ya kusa ɓacewa. Ya rasu a 2018.

Za a ce mana ai kuntigi ba jita ba ne, kwatancin bai yi ba. To ku tambayi gwanayen jitar da kansu daga ina suka faro. Hendrix yana yaro tsintsiya yake riƙewa yana kwaikwayon kiɗa, abin kiɗansa na farko kuwa wata 'yar ƙaramar jita ce da aka zubar, mai tsirkiya ɗaya. Yaran baƙaƙen fata a Misisipi waya guda suke ɗaurewa a jikin bangon katako su sa kwalba su ɗame ta, da yawa daga manyan makaɗan buluz a kan wannan suka koyi hannu. Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, wanda ya ci kyautar Grammy da faifan Talking Timbuktu da suka yi da Ry Cooder a 1994, da 'yar garaya mai tsirkiya ɗaya ya fara, ya kuma ƙware a njarka, wadda ƙanwar kukumarmu ce uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya yi shi ne ɗauko salon waɗannan ya zuba a kan jita. Da ya fara jin faifan John Lee Hooker ɗauka ya yi kiɗan ƙasarsu ne. Turawa suka yi ta kiransa mai buluz na Afirka, shi kuwa bai taɓa yarda cewa aro ya yi ba, har ya koma ga Allah a 2006 yana noman shinkafarsa yana kuma magajin garinsu.

Ba mu ce Bahaushe ne ya ƙirƙiro buluz ba. Wannan kiɗa baƙaƙen fatar Amurka ne suka haife shi cikin wahalar da su kaɗai suka san ɗacinta, kuma ƙwace musu shi zalunci ne. Amma dangantaka tana nan, masana sun bi sawunta. Gerhard Kubik, wani masani ɗan ƙasar Ostiriya da ya shafe shekaru yana yawo a Afirka da na'urar ɗaukar sauti, ya wallafa littafi a 1999 a kan Afirka da buluz. A ciki ya nuna cewa salon Misisipi, wato mutum ɗaya da kayan tsirkiya yana lanƙwasa murya yana jan sauti, ya fi kama da na yankinmu na Sudan ta tsakiya fiye da na bakin teku masu taron ganguna. Cikin misalan da ya kafa hujja da su har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960. Bature ya taso daga Turai ya zauna gaban mai goge da ladabi yana rubutu, mu kuwa da muka gaje shi muna toshe hanci.

Shi ma Mdou Moctar da kuke ji da shi, kun san labarinsa kuwa? Buzu ne daga yankin Tawa, iyayensa ba sa son kiɗa, ya sassaƙa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta memori da Bluetooth ya yaɗu daga waya zuwa waya cikin sahara. Yau yana cika dandali a Amurka da Turai ana kwatanta shi da Hendrix. Bombino na Agadas ya koyi hannu yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy, shi ne ɗan Nijar na farko da ya kai nan. Me waɗannan yara suka yi? Sun ɗauki jitar Bature suka sa ta yaren gidansu, da tafin matansu da karin kiɗan takamba da tende. Da sun raina na gida sun tsaya kwaikwayon Hendrix tsantsa, da yau ba wanda ya san su, don Amurka ba ta rasa masu kwaikwayon Hendrix ba. Mu a nan, ƙasar da ta fi Nijar yawan Hausawa ninkin-ba-ninkin, ina namu? Mun miƙa komai ga fiyano. Yaro ɗaya a situdiyo yana danna maɓalli, ya fitar da kalangu na ƙarya da goge na ƙarya, waƙa ɗari ka rasa gane wace ce wace. Ba laifin yaron ba ne, abin da muke biya ke nan. (Akwai masu basira a cikinsu, ba mu musa ba, kuma da yawa da an ba su mai gurmi na gaske da sun yi abin mamaki da shi.)

Sai maganar roƙo. E, makaɗanmu sun yi roƙo, sun wasa masu kuɗi don a ba su, wasu sun yi zambo, wasu sun yi batsa da ba za mu so 'ya'yanmu su haddace ba. Ba za mu wanke su tas ba. Amma ku da kuke jin Turanci, ku fassara wa iyayenku wasu waƙoƙin buluz da rok ɗin nan mu ga ko za ku gama a zaune. Kuma King ɗin da kansa a bakin titi ya fara, yana kaɗawa ana jefa masa kwabbai. Bambancin kawai shi ne can an gina kamfanonin faifai da dandalin sayar da tikiti, mawaƙi ya samu hanyar ci ba tare da ya kira sunan kowa ba. Mu ba mu gina ba. Muka bar makaɗi ba shi da albashi sai liƙi, sa'an nan muka juyo muna zaginsa da cewa maroƙi ne, muna hana shi auren 'ya'yanmu.

Wanda ya ce kiɗan 'yan bori ne, shi ma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. An yi amfani da goge da garaya a wajen bori, an kuma kaɗa goge a gidajen da mutumin kirki ba ya shiga. To buluz fa? Masu zuwa coci a Misisipi kiɗan Shaiɗan suke ce masa. Robert Johnson, wanda Clapton da ire-irensa ke ɗauka uba, har yau ana yaɗa tatsuniyar cewa a mararraba ya sayar da ransa tsakar dare don ya iya jita. Waƙa 29 kawai ya bari, ya mutu a 1938. Wannan ƙazafi bai hana jikokin masu zaginsa su tattara aikinsa su adana ba. Mu ba malamai ba ne, ba mu zo ba da fatawa ba. Wanda ya ƙaurace wa kiɗa gaba ɗaya saboda addini muna girmama shi, kuma Ahmadu Doka da kansa ajiye kukumar ya yi daga baya, ba wanda ya ga laifinsa. Wanda ba za mu saurara wa ba shi ne mutumin da ya sa hannu a kuɗin DJ, a kafa lasifika shida a hana unguwa barci, maza da mata a cakuɗe, sa'an nan da aka ambaci tsoho mai gurmi a kan tabarma sai tsoron Allah ya taso masa. Wannan ba taƙawa ba ce, kunyar talaucin kakanninsa yake ji.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne irin wannan raini yana da magani guda da muka saba jira, wato Bature ya yaba. Amurkawa ma sun yi wannan cuta. Hendrix ya yi shekaru yana kaɗa wa su Little Richard a baya ba wanda ya kula shi, sai da aka kai shi Landan a 1966 sannan ƙasarsa ta waiwaye shi. Samarin Ingila irin su Rolling Stones, waɗanda daga waƙar Muddy Waters suka samo sunansu, su ne suka koma Amurka suna nuna wa fararen can dattawan da ke bayan gidansu. To amma su sun yi sa'a, don kafin a farga wani ya riga ya adana. A 1941 Alan Lomax ya ɗauki na'ura mai nauyi a bayan mota ya shiga gonakin auduga, ya sami Muddy Waters yana aikin gona, ya ɗauki muryarsa don ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Mu wa ke ɗaukar namu? Ku je wajen masu tura waƙoƙi a Wunti ko Muda Lawal ku nemi Garba Supa. In an dace za ku samu 'yan waƙoƙi da aka kwafo daga kaset ɗin da rana ta gasa, babu shekara, babu sunan masu amshi, wani lokaci ma da sunan wani mawaƙin daban. Masu raye kuwa, tsofaffin da ke ƙauyukan da ke kewaye da mu ta hanyar Ningi da ta Darazo, 'ya'yansu sun koma acaɓa, ba mai karɓar gurmin daga hannunsu. Wayar da ke aljihun kowane ɗayan samarin nan bakwai ta fi na'urar Lomax kyau nesa ba kusa ba.

Don haka ga buƙatarmu, kuma a rubuce za mu miƙa ta a zama na gaba. A dawo da shawarar da aka yi watsi da ita a kaɗa ƙuri'a a kanta. Ba mu ce a kori DJ ba, a rage masa awa ɗaya da kuɗin awa ɗaya, a nemo mai gurmi ko mai kukuma daga cikin ƙasar Bauchi, a biya shi kuɗin aiki tun kafin ya zauna, kamar yadda ake biyan mai janareto, don kada ya dogara da liƙi. A gaya masa taron iyali ne, ya san waƙoƙin da zai kawo. Samarin teburin mai shayi kuma, tunda kun nuna kuna da kunne, ku ne za ku ɗauki wasan da wayoyinku, ku zauna da shi bayan taro ku tambaye shi wa ya koya masa, da me ake haɗa kayan, yaya ake ɗaure tsirkiya, a sa a wannan shafi da sunansa da garinsu da kwanan wata. In cikinku akwai mai jita, mun san akwai aƙalla biyu, ya zo da ita ya gwada bin tsohon na minti biyar a gaban jama'a. Idan kwamiti ya ce babu kuɗi, mu da muka yi wannan rubutu mun ɗauki nauyin kuɗin motarsa zuwa da komawa.